Awonka a Littafin Tela

Birnin Kudu,
Asabar, bayan La'asar.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka lafiya, ka sami inda za ka ajiye jaka da inda za ka yi salla. Allah Ya tsare hanya, Ya ba direbanku natsuwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka san kowa ba. Ummarka ce za ta saka takardar a ƙasan jaka, ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli da garin kunu. Na roƙe ta kada ta gaya maka sai motarku ta wuce gari.

Ranar Laraba ka yi mini tambaya a bayan gida. Ka gama ɗaga ƙarfe kana goge gumi, ni kuma na zagayo duba tumaki. Ka ce, "Baba, tunda yanzu kai ma mai digiri ne, in ci gaba da ƙara jiki, ko in fara rage kitse?" Da dariya ka faɗa, amma na ga ka tsaya kana jira. Na ce maka zan duba. Ka ce Baba ɗan makaranta, komai sai an buɗe littafi. Na wuce wajen tumakin, alhali babu abin da ya same su.

Dalili biyu ne suka hana ni amsa maka a tsaye. Na farko, ba na son in faɗi abin da ban auna ba. Shekara biyar na yi ina zuwa karatun hutu kafin in sami wannan digiri na ilimin lafiya da motsa jiki, ina da shekara hamsin da uku, a shekarar da kai ma ka gama naka. Kai an kira ka bautar ƙasa, ni an ce na wuce shekarun. Abin da karatun ya ƙara mini shi ne tsoron yin magana da ka kawai, ba awo ba hujja. Dalili na biyu ka san shi. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi. Tun ranar sunanka ban taɓa kiran sunan ba, ban taɓa tsayawa na ƙare maka kallo a gaban mutane ba. Ta yaya zan tsaya in ce ɗaga riga in ga cikinka?

Saboda haka na tafi wurin Malam Ya'u tela, wanda yake ɗinka maka kaya tun kana firamare. Na ce ya buɗe mini littafinsa na awo. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Habu, yaron yana gidanka, awonsa kake nema a shagona?" Na ce ya dai buɗe. Ya yi ta dariya yana lasar yatsa yana juya shafi.

Ga abin da na kwafo. A ƙaramar Sallar bara, ƙirjinka inci talatin da takwas ne, damtse sha uku, ƙugu talatin da biyu. A ƙaramar Sallar bana, wato bayan shekara guda, ƙirji arba'in, damtse sha huɗu da kwata, ƙugu talatin da uku. Sai awon da ya yi maka mako biyu da suka wuce don kayan tafiya: ƙirji arba'in da rabi, damtse sha huɗu da rabi, ƙugu talatin da shida. Na tambaye shi ko ya haɗa da sakin da yake ƙarawa don kada wando ya matse. Ya ce a'a, abin da ke littafi na jiki ne, sakin a kan yadi yake ƙara shi. Na sake tambayarsa, ya ce in na ƙara zai caje ni kuɗin ɗinki.

Ka duba da kyau. A shekarar farko damtse ya ƙaru da inci ɗaya da kwata, ƙugu da inci ɗaya. Wannan aiki ne mai kyau, kuma da ina iya faɗa maka baki da baki da na faɗa. A wata biyar ɗin nan kuwa damtse kwata kawai ya ƙara, ƙugu ya ƙara inci uku. Abincin da kake ƙarawa yanzu ya daina zama tsoka. Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi da aka koya mana: ƙugun mutum kada ya wuce rabin tsawonsa. Takardar asibiti da ka kai don tafiya ta ce tsawonka santimita ɗari da saba'in da shida ne, wato inci sittin da tara da ɗan ɗori. Rabinsa talatin da huɗu da rabi, da ɗigo a sama. Ka wuce.

To amsata ke nan: ka tsaya da ƙara jiki. Amma kada ka fara ragewa gobe, kuma kada ka rage yadda na rage. Dole in ba ka labarin, don ba daga littafi na fara sanin wannan ba.

Waɗancan dunƙulen siminti biyu da ka tono a bayan rumbu kana aji huɗu na sakandare, waɗanda na ce maka na wani ɗan haya ne da ya tashi, nawa ne. Ni da abokina Sale muka zuba su a bokitin fenti, muka soka musu ƙarfen tsohuwar mota, lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya, ina sabon malami a Gwaram. Siriri ne ni a lokacin, fiye da yadda ka taɓa zama. Ɗalibai na aji shida ba sa jin tsorona, iyayensu kuma in sun zo makaranta sai su tambaye ni ina malamin yake.

Ba mu da tef, ba mu da madubi babba. Abin da muke da shi shi ne sikelin wani mai sayen riɗi da gyaɗa a kasuwar Gwaram, irin mai ƙugiya da ake rataya buhu. Duk ranar kasuwa, in ciniki ya lafa, sai mu ɗaura igiya a ƙugiyar, mutum ya sa ƙafa ya rataye kamar buhu, allura ta juya. Mai sikelin yakan ɗaga murya ya ce buhun Dingaya, wato ni da sunan garinmu, ya ƙaru da kilo biyu, wa zai taya? 'Yan kasuwa su yi dariya, ni kuwa in koma gida raina fari tas. Lambar nan ita ce komai a wurina. Fura da sukari safe da rana, tuwo malmala uku, shayi da burodi kafin kwanciya. Da allurar ta tsaya mako uku ba ta motsa ba, sai Sale ya kawo wasu ƙananan ƙwayoyi daga hannun mai tallar magani, irin waɗanda yanzu ake kira sha-ka-fashe. Muka sha. Allura ta ci gaba da tafiya. Daga kilo sittin da huɗu na kai tamanin da takwas cikin shekara ɗaya da rabi. Fuskata ta yi zagaye, wuyana ya cika, mutane suna cewa malanta ta karɓe ni.

Sikeli ba ya bambanta tsoka da kitse da ruwa, Abba. Buhun tsaba da buhun ƙaiƙayi jiƙaƙƙe duk lamba yake ba su. Na ga kana hawa na shagon magani duk Asabar kana dawowa da fara'a, irin fara'ar da na sani. Ka riƙa hawa, amma kada ka yarda da shi shi kaɗai.

Ranar da na gane kuskurena, a gonar kakanka na wajen uwa ce, a Dingaya. Lokacin ina neman Ummarka. Aka kira gayyar noma ta biyu, na zo da sabuwar fartanya da riga marar hannu don a ga damtse. Aka jera mu, makaɗi ya fara. A layin farko ina gaba. A na biyu numfashina ya fara fita da ƙara. A na uku wani tsoho mai suna Baba Ɗanjuma, wanda za ka iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ya wuce ni yana tauna goro, ya gama nasa, ya juyo ta ɗaya ƙarshen ya kama mini nawa. Da muka haɗu a tsakiya ya ce, "Malam, je ka inuwa ka ajiye kayan nan da ka ɗauko, sai ka dawo mu yi noma." Na zauna a gindin ɗorawa kaina yana juyawa. 'Yan mata suka kawo fura, Ummarka tana cikinsu. Ta ajiye mini ƙwarya ba ta dube ni ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Har yau in na yi haki a kan keke takan tambaye ni ko a kira Baba Ɗanjuma.

A sansanin bautar ƙasa za a sa ku gudu da fareti da sassafe. Bayan sansani ba ka san inda za a tura ka ba, ko akwai hawa da gangara, ko ruwa yana da nisa. Jikin da ba zai ɗauki kansa ba, ba ƙarfi ba ne, ko nawa yake ɗagawa a kwance.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma shi nake ji maka tsoro, don halinmu ɗaya: in mun ji kunya sai mu yi fushi da kanmu. Na watsar da ƙwayoyin rana ɗaya, na yi mako biyu kamar marar lafiya, gaɓoɓi suna ciwo, ba na iya tsayuwar aji. Sai yanzu a karatu na san irin wannan magani ba a yanke shi haka, likita ne yake janye mutum a hankali. Da na warware, na ce bari azumi ya zo in sauke komai gaba ɗaya. Azumin shekarar ya faɗo cikin zafin bazara. Na daina sahur, ruwa kawai nake sha. Da buɗa-baki in sha tsamiya da lemon tsami, in ci ɗan abin da ba zai ƙosar da yaro ba. Wake da ƙwai da nono duk na bar su, wai su ne masu sa ƙiba. Kuma ban rage ɗaga ƙarfe ba, bayan La'asar nake yi, lokacin da maƙogwaro ya fi bushewa.

Ranar sha tara ga wata na kwanta a kan benci na ɗaga simintin nan. Na tuna na ga ganyen darbejiya a sama ya zama baƙi. Ban tuna saukowar ƙarfen ba. Allah Ya sa Sale yana alwala a kusa, ya ji ƙarar, ya zo ya ɗage shi daga ƙirjina. Haƙarƙari biyu suka tsage. Tabon da kake gani a ƙasan wuyana, wanda na ce maka faɗuwar keke ce, daga nan yake. Da na tashi daga jinya na je kasuwa na rataye a sikeli: kilo goma sha ɗaya sun tafi. Amma damtsen ne ya tafi, tumbin yana nan ya saki kamar tsohuwar jaka. Na rasa abin da na yi shekara biyu ina ginawa, na riƙe abin da nake son yarwa.

Don haka ga yadda nake so ka yi, kuma na bi shi sau uku da littattafaina kafin in rubuta.

Mako ukun sansani kada ka ƙara, kada ka rage. Ka ci abin da aka ba ka, ka cika da ƙuli-ƙulin Ummarka, ka sha ruwa sosai. Ba a gyaran jiki a wurin da mutum ba shi da iko da tukunya ko da barcinsa. In an tura ka wurin aiki, ka ba kanka kamar wata guda ka san kasuwa, ka san abin da ake samu da araha. Sannan ka fara. In ka bi wannan lissafi za ka sami mako goma zuwa sha biyu, ka gama tun azumi da saura. Kada ka haɗa ragewa da azumi. Azumi ibada ne, ka shige shi da sahur ɗinka cikakke, in za ka taɓa ƙarfe sai bayan ka sha ruwa ka ci abinci.

Ragewar kuma kaɗan ce. Cire sukarin fura da na shayi, bar lemon kwalba, bar burodin da kake ci bayan tuwo. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miya da ganye su ƙaru. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono, waɗannan kada ka taɓa su, su ne masu riƙe maka tsoka. An ce inda za ka kifi ya fi nama araha; in haka ne ka gode wa Allah. Nauyin da kake ɗagawa kada ka sauke shi ka koma ƙanana wai don kitse ya narke, jiki yana riƙe tsokar da ake amfani da ita ne. Abin da ake nema kamar rabin kilo a mako. In ya fi haka da yawa, ko ƙarfinka ya yi ta raguwa mako biyu a jere, ko ka miƙe ka ga jiri, to ka ƙara abinci, ba jarumta ba ce. In ƙugu ya dawo talatin da uku ka tsaya. Daga nan in kana son sake ƙarawa, sai mu yi magana, a hankali za a yi.

Abu biyu kuma ba shawara ba ne, umarni ne. Kada ka kwanta ƙarƙashin ƙarfe babu mutum tsaye a kanka. Kuma duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko allura ya ce ta gina jiki ce ko ta ƙona kitse, ko abokinka ne na kusa, ka ce mahaifinka ya hana. Ka ɗora mini laifin, na iya ɗauka. Ni ba likita ba ne, digirina na malanta ne. Amma hawan jini yana gidanmu: kakanka mahaifina ya yi fama da shi, ni ma kullum da safe sai na haɗiyi ƙwayata. Ka sa a auna naka a asibitin sansani, ka rubuta lambar.

Sale bai tsaya ba lokacin da na tsaya. Ya ci gaba har ya zama ana nuna shi a kasuwa. Yanzu yana Wurno wajen 'yarsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye shekara huɗu ke nan. Ba zan ce ƙwayoyin ne ko ƙibar ba, ba ni da hujja, kuma cuta da lafiya na Allah ne. Na je duba shi bayan Salla. Yana zaune a tabarma a jingine da bango, ya ɗago hannun daman, har yanzu ya fi cinyata kauri, ya ce, "Habu, zo mu gwada da wanda ya rage." Na kama hannun. Ya kayar da ni, muka yi dariya har 'yarsa ta leƙo. A kan hanyar dawowa sai da na tsayar da babur a bakin wata gona na ɗan zauna. Mutumin da ya ɗage mini ƙarfe daga ƙirji ke nan, ni kuwa ban taɓa ce masa ya tsaya ba.

Wannan ne kuskurena na uku, kuma shi ya fi daɗewa. Lokacin da aka kawo ni gida Dingaya da tsagaggen haƙarƙari, mahaifina bai shigo ɗakin ba. Ni ma ɗan fari ne. Ina jin takunsa yana zuwa bakin ƙofa, ya tsaya, ya tambayi Inna ko an ba tumaki ruwa, ya koma. Daga baya Inna ta gaya mini tun watanni kafin nan ya ga fuskata ta kumbura, ya ce mata wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Ita ya gaya wa, ita kuma ta ji nauyin gaya mini. Ban riƙe shi a zuciya ba, haka aka rene shi. Amma har ya rasu ina jiran ranar da zai zaunar da ni ya ce ga abin da na gani a jikinka.

Sai ga shi na yi maka irinta. Na san ranar da ka dawo daga makaranta kana aji uku ka ƙi cin abinci don yara sun sa maka suna Tsinke. Ina zaure, na ji kana gaya wa Ummarka. Na san dalilin da ya sa ka tono simintin nan, na kuma san dalilin da ya sa a wata biyar ɗin nan, tun da maganar tafiya ta matso, ka ninka cin abinci. Kana so ka sauka a baƙuwar ƙasa da girman da ba wanda zai raina ka. Ni ma abin da na so ke nan a Gwaram. Ba a raina ka ba, Abba. Wanda ya ga yadda kake tashi da asuba shekara biyu ba fashi, ka ɗaga, ka share wurin, ka ɗebo wa Ummarka ruwa kafin ka karya, ba zai raina ka ba. Na gani. Ta tagar ɗakina nake gani, kullum.

Jibi Litinin ba zan raka ka tasha ba. Zan ce ina da aiki a makaranta, kai ma za ka ce ba komai. Ƙannenka da Ummarka za su je. Amma hanyar makaranta ta gaban tasha ta bi, kuma babur ɗina yakan ba ni matsala daidai wajen mai shayin nan na tsallaken titi. In yanzu ka tuna ka ga mutum ya sunkuya yana duba fulogi, ba komai ko da ba ka ɗago hannu ba.

Jiya da kuka fita sallama da dangi na zagaya bayan gida. Na shafa wa ƙarfen baƙin mai don damina, na jawo tsohon kwano zan rufe. Kafin in rufe na gwada ƙaramin cikin dunƙulen biyu. Sau huɗu na ɗaga, na biyar ya ƙi. Wurin zai yi shiru da asuba. Na saba da ƙarar simintin in ya taɓa ƙasa, da ita nake sanin lokacin tashi ya yi.

A cikin ambulan ɗin nan akwai tef. Na Malam Ya'u ne, wanda ya auna ka da shi tun kana ƙarami, lambobin farko har sun goge. Da na ce ya sayar mini ya ce ba na sayarwa ba ne, ya naɗe ya sa mini a aljihu, ya ce in gaya wa ɗan bautar ƙasa kada ya dawo masa da awon da zai cinye yadi biyar. Na sa alamar biro a wuri biyu, talatin da shida da talatin da uku. Ka auna da safe kafin ka ci komai, a tsaye, daidai cibiya, bayan ka saki numfashi. Kada ka shanye ciki, ba wanda yake kallo. Awon cibiya zai iya ɗara na tela kaɗan, kada ya dame ka, na farkon shi ne mafarinmu.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci ka turo mini lambar a waya. Ba sai ka yi doguwar gaisuwa ba, na san ba ka iya ta da ni, ni ma ban iya ba. Lambar kawai. In na gan ta na san ka tashi lafiya, ka tsaya da ƙafafunka, kana da abin karyawa a gaba. Ko ba ta sauka ba ka turo. Ko ta hau ka turo.

Kafin in naɗe tef ɗin na auna nawa yau da safe, yadda na gaya maka, ban shanye ciki ba. Arba'in da ɗaya. Na sayi wani sabo a kasuwa. Kai ma za ka riƙa samun tawa lambar.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya. Allah Ya ba ka ƙarfin da za ka yi salla da shi a tsaye har tsufa, Ya dawo mana da kai ta ƙofar da ka fita. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.